Tambaya ga masassaƙa da maƙera: yaya ake haɗa ƙafar keken doki ta katako da hannu?

Sani_Kafinta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ni kafinta ne a Zariya, gado da kujeru da ƙofofi su ne sana'ata, to wani bawan Allah mai dawakai ya kawo min aikin da ban taɓa yin irinsa ba shi yasa nace bari in zo in tambayi na gaba. Wani tsohon keken doki ya saya, irin mai ƙafa huɗu ɗin nan da ake ɗaukar amarya da ango a ciki, jikin keken ƙalau yake amma ƙafafun baya biyu na katako ne kuma sun gama yawo, ɗaya gara ta cinye cibiyarta, ɗayar kuma sanduna uku sun karye zoben ƙarfen da ke bakinta ma sai kwaram-kwaram yake. An bashi shawara yasa wilin babur ya huta yace shi sam, yadda keken yazo da ƙafar katako haka yake son abinsa.

Na kalli yadda masu wannan sana'a suke yi a Ingila a YouTube, abin ya ɗaure min kai wlh. Ba gam, ba noti, kawai sun harhaɗa itace sai suka gasa zoben ƙarfe a wuta suka ɗora akai hayaƙi na tashi suka bishi da ruwa, shikenan wai an gama kuma ƙafar zata ɗau kaya shekara da shekaru. Dan Allah wanda ya sani ya min bayani, mene ne yake riƙe ta? Kuma cikin itatuwan da muke dasu anan wanne zai iya wannan aikin tunda nasu babu shi a kasuwar katako? Sannan abin da yake min yawo a rai, muna da masassaƙa muna da maƙera tun kaka da kakanni, ya akai wannan sana'ar bata cikin namu?

Malam_Fizis

Wa alaikumus salam Malam Sani. Zoben nan da kaga an gasa shi ne yake riƙe komai. Ƙarfe in yaji wuta buɗewa yake, in ya huce ya koma yadda yake, to da gangan ake yin zoben ya ɗan gaza kewayen katakon, a sanyi ko kwana zakai kana bugu bazai shiga ba. Lissafin ba wuya, kowace mita ɗaya ta ƙarfe tana ƙaruwa da kusan milimita 1.2 in zafi ya hau da digiri 100. Mu ɗauka ƙafar taka faɗinta santimita 120 ne, ka ninka da 22 bisa 7 kewayenta zai baka wajen santimita 377, in zoben ya ƙara zafin digiri 400 zai buɗe da kusan milimita 18. 'Yar wannan ƙaruwar ita ake nema. Ana ɗora shi da zafinsa ya zauna, a kwara ruwa, yana hucewa yana tsukewa yana janyo komai zuwa tsakiya, gutsattsarin baki su haɗe da juna, sanduna su ƙara nutsewa cikin ramukansu na cibiya har zakaji itacen yana ƙara ƙas-ƙas. Daga ranar a matse take ko da kaya ko ba kaya, shi yasa bata neman gam.

Amma fa kafin azo nan aikin katakon ne mai yawa, kuma turawan Ingila ba ice ɗaya suke sawa ba, uku ne kowanne da dalilinsa. Cibiya da elm ake yinta saboda zarensa a sarƙe yake, zaka huda masa rami 12 ko 14 a kewaye ka buga sanduna da guduma da ƙarfin tsiya bazai tsage ba. Sandunan kuma oak ne, shi yana jure danniya, kuma na asali faskara shi ake da tsinin ƙarfe ya bi zarensa, ba yanka shi ake da zarto ba, don in zarto ya ratsa zaren ta karkace to nan ne zai karye wata rana. Bakin ƙafar kuma ash, yana da ɗan lanƙwasa yana shanye girgiza in an faɗa rami. Bakin nan ba dunƙule ɗaya bane, gutsattsari ne masu lanƙwasa, kowane gutsure yana ɗaukar sanda biyu, kenan ƙafa mai sanda 12 gutsure 6, mai 14 gutsure 7, a tsakanin gutsure da gutsure akwai 'yar turakar itace da ke hana su gocewa. Kuma ba'a haɗe su tsaf, ana barin ɗan siririn giɓi wanda zoben zai rufe in yana tsukewa.

Amurkawa kuma hickory suka fi amfani dashi, suna turara shi da tururi su lanƙwasa, sai baki ya zama rabi biyu kawai. Mutanen Amish, wata al'ummar Kiristoci ta jihohin Pennsylvania da Ohio da Indiana, har yau da keken doki suke zirga-zirga kuma suna da masu yi musu ƙafa. Ko motar Ford Model T da ta fito a 1908 sandunan ƙafarta na katako ne.

Abin da zan ja maka kunne akai shi ne bushewa. Su ƙa'idarsu ta da ita ce kowane inci ɗaya na kauri a bashi shekara guda a inuwa, to kaga kututturen cibiya shekaru yake yi a ajiye kafin a taɓa shi. In kasa ɗanye, ranar farko zata yi kyau kowa ya yaba, ice na bushewa yana motsewa zoben ya saki, shi ne kwaram-kwaram ɗin da kake ji a tsohuwar.

Ɗan_Maƙera

Malam Sani sannu da ƙoƙari, Allah ya dafa. Malam ya gama maka na allo, ni bari in faɗa maka na bakin wuta don rabin wannan aikin namu ne, kafinta shi kaɗai bazai gama ƙafa ba sai da maƙeri a gefensa. Mu a gidanmu mun saba sawa turmi zobe in ya fara tsagewa a baki, da zafi muke sawa kuma mun san yadda yake kamawa, bambancin kawai nan zoben babba ne kuma awo baya son kuskure.

Da farko kar ka yarda tsohon zoben, in bai cinye ba ana yanke shi a rage tsawon a sake haɗawa, ƙarfen da ma yafi na yanzu kyau sau da yawa. In kuma sabo ne to falen ƙarfe zaka nema mai faɗin bakin ƙafar, irinsa akwai a Ƙofar Ruwa nan Kano kuma nasan baza'a rasa a Zariya ba, a lanƙwasa shi a hankali a haɗa bakin, mu da can a wuta muke narka baki biyun mu buge su akan uwar maƙera su zama ɗaya, yanzu kam walda ma ta isa in mai waldar ya iya kuma ya goge ciki ya zama sumul.

Wajen awo tef zai yaudare ka, musamman ta cikin zobe inda baya kwanciya. Abin da masu sana'ar suke yi, ɗan falen ƙarfe ne zagayayye da aka sawa mariƙi yana juyawa, sai kasa alli a jikinsa kasa a bakin katakon, ka gangara shi ya zagaye ƙafar kana ƙirga sau nawa ya juya, inda ya tsaya ka sake sa alli, sannan ka gangara shi ta cikin zoben. Bambancin da ka gani tsakanin alli da alli shi ne abin da zoben ya gaza. A ƙafa irin taka wajen santimita ɗaya ake nema, ya ɗan fi ko ya ɗan gaza gwargwadon giɓin da ka bari. In yai yawa zoben zai murɗe maka sanduna ya lanƙwasa su, in yai kaɗan bai kama ba.

Ranar sawa kuma ka tara mutane, mutum uku da awartaki dogaye, biyu da guduma, yara biyu da bokitan ruwa a cike a ajiye tun kafin a kunna wuta. Ƙafar a kwantar da ita a waje shimfiɗaɗɗe daidai, daɓen siminti ko falen ƙarfe, a ɗaure cibiyar da dogon noti ta tsakiya kar ta ɗaga. Zoben kuma a ɗora shi akan bulo uku ko huɗu a ƙasa a zagaye shi da faskare ko'ina daidai, kar wani gefe yaci wuta wani bai ci ba. Kuma dan Allah kar a bari yai jajawur, wannan shi ne abin da sabon shiga yake yi, yana ganin in yafi ja yafi buɗewa, to zai ƙona katakon ya mai da fatarsa gawayi, gawayin nan yana murmushewa a hanya zoben ya saki. Da ya fara duhun ja a inuwa, ko ka goga busasshen ice akai kaga yana santsi yana hayaƙi nan take, ya isa. A ɗauko da sauri a karkaɗe toka, a saka gefe ɗaya a janyo ɗayan da ƙugiya, guduma na bi, da ya zauna a fara zuba ruwa ana zagayawa ana buga mahaɗar gutsattsarin nan don su daidaita kafin ya gama kamawa. Duk abin nan 'yan mintuna ne, tururi zai rufe ku baka ganin na kusa da kai, shi yasa kowa sai ya san aikinsa tun kafin a fara ba lokacin ake rabawa ba.

Cibiyar ma tana da nata ƙananan zobba biyu gaba da baya, su ma da zafi ake sawa, kuma ana ɗaure ta da zobe kafin a fara buga sanduna.

Abu_Hanif

Ni ba kafinta bane amma a Indiya nayi karatu, jihar Maharashtra, kuma a ƙauyukan can amalanken shanu mai ƙafar katako ba abin tarihi bane, naga ana ɗaukar rake dashi, duk da yanzu masu tayar roba sun fi yawa. Abin da yasa nace sai nayi magana shi ne tambayarka ta wane ice. Icen da suka fi sawa suna ce masa babul, kuma wlh bagaruwa ce, wannan dai bagaruwar tamu da majema ke jima da 'ya'yanta. Da ita suke yin ƙafar amalanke da garma da ƙotoci saboda tauri da nauyi kuma tana jure ruwa. Yanayin can ma yafi kama da namu akan na Ingila, akwai rani mai zafi akwai damina, to inaga gara ka kalli yadda su suke yi. In ka rubuta sunan a YouTube zakaga maƙeransu suna gasa zoben da busasshen kashin shanu da aka jera a kewaye, wutarsa a hankali take ci kuma daidai, mu kuma wannan ba abin da zamu saya bane.

Matsalar da na hango kawai samun bagaruwa mai kauri miƙaƙƙiya, tamu yawanci a karkace take kuma ba'a barinta ta girma. Amma na baki ai lanƙwasasshe ake so dama.

Usman_Walda

Ni dai Malam Sani gaskiya zan faɗa maka ko bazata yi daɗi ba, ka lissafa kafin ka karɓi kuɗin mutane. Amalanken shanu nake haɗawa, tsohon aksul na mota da wili da taya, in walda bodi in shafa giris a boris, manomi ya ja abinsa ya kai taki gona ya kwaso dawa, in taya ta fashe mai faci yana kowane ƙauye. Ƙafar katako mai siririn zobe a yashi nutsewa take, a kwalta ga ƙara ga girgiza, in ta saki kuma wa zai gyara masa in ba kai ba? Kuma iskar hunturunmu ba wasa bace, kai kafinta ne ka sani, ƙofar da ka yi da damina tana cijewa, watan Janairu sai kaga haske ta jikinta. Ƙila mai keken nan yana so ne bikin wata mai zuwa ya fita dashi, kai kuma ana ce maka ice sai ya shekara. Ka faɗa masa tun yanzu kar azo ana jin kunya.

Malama_Hauwa

Malam Usman maganarka akwai gaskiya ta fannin amalanken gona, amma wannan keken na ado ne, mai shi kuma ya san abin da yake so, in kowa yace a sa wilin babur ai babu ranar da wani zai koya.

Malam Sani bari in taɓa tambayarka ta uku tunda tarihi nake koyarwa. Sana'ar tsohuwa ce ƙwarai. Ƙafar katako mafi tsufa da aka tono an same ta ne a 2002 a wata fadama kusa da Ljubljana a ƙasar Sulobeniya, ta haura shekara 5,000, kuma falle ce ta allunan katako ba sanduna, raminta na tsakiya mai kusurwa huɗu ne wato da ita da sandar da ta ratsa ta tare suke juyawa. Mai sanduna ta zo daga baya, wajen shekara 2000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an ga alamarta a kaburburan Sintashta a kudancin tsaunukan Ural na Rasha, kuma ita ce ta sa keken yaƙi ya zama mara nauyi har doki zai iya gudu dashi. Misirawa sun ƙware akai, a kabarin Fir'auna Tutankhamun da Howard Carter ya gano a 1922 an sami kekuna 6, ƙafafunsu masu sanda shida-shida, su kuma lanƙwasa ice suke su haɗa da gam da ɗanyar fata wadda in ta bushe take tsukewa, kaga aikin da zoben ƙarfe yake yi su fata ce take musu.

Kuma kar ka ɗauka ƙafa bata taɓa zuwa kusa damu ba. A duwatsun Sahara, Tassili a Aljeriya da Fezzan a Libiya har da tsaunukan Azbin a Nijar, akwai zanen kekunan doki masu ƙafa biyu waɗanda mutanen zamanin da suka zana. Daga baya raƙumi ya shigo, masana da yawa suna ganin shi ne ya kori keke daga Arewacin Afirka da ƙasashen Larabawa na tsawon ƙarnoni, don raƙumi baya neman hanya, baya neman kafinta, yana ratsa yashi da kayansa a baya. Mu kuma fataucinmu da can muka haɗa shi, ayarin raƙuma zuwa Agadas da Gat da Tarabulus, jakuna da takarkarai zuwa Gwanja neman goro, ta kudu kuma ƙudan tsando na kashe dabbobin ja, da damina rafuka sun cika ba gada. Wanda zai yi keke sai ya fara yin hanya ya riƙa gyara ta duk shekara, jaki kuwa ɗan turba ya ishe shi. To ba rashin basira bane, masassaƙin da ya iya sirdi da turmi da kwalekwale da ƙafa ma zai iya in da an nema a wajensa. Sarakunan Dahomey, a Jamhuriyar Benin ta yanzu, sun mallaki kekunan da turawa suka kawo amma na alfarma ne a fada. Lokacin da ƙafa ta shigo mana sosai kuma ta riga ta zama ta ƙarfe da roba, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai keke sai mota, zamanin ta katako ya wuce mu a tsakani.

A Ingilar ma da kake kallo masu yi kaɗan suka rage, ƙungiyar masu sana'ar ta Landan tun 1670 ta sami takardar sarki kuma tana nan, amma yau an sa sana'ar cikin jerin waɗanda ake tsoron ɓacewarsu. Icen ma yana musu wuya, wata cuta ta kashe miliyoyin bishiyar elm tun daga ƙarshen shekarun 1960, ash ma tata cutar ta bayyana a 2012. Abin da ya riƙe su shi ne gyaran tsofaffin kekuna da na gidan sarauta, irin keken zinaren nan na 1762 mai nauyin tan 4 da dawakai 8 suka ja ranar naɗin Sarki Charles a 2023.

Ɗan_Maiwurno

Gaisuwa daga Sudan. Mu nan karo, wato amalanken jaki, duk tayar mota ce kamar yadda Malam Usman yace, amma dattawan bakin Nilu ta arewa suna bada labarin sagiya, wato ƙafafun katako manya masu haƙora da shanu ke juyawa suna ɗebo ruwa da tuluna zuwa gona, kafin injin ban ruwa ya kashe ta. Da icen sunut ake yinta, bagaruwa kenan. Na ƙara ne don ka san maganar Abu Hanif ba a Indiya kaɗai aka gwada ba.

Jikan_Masassaƙa

Salamu alaikum. Na karanta wa mahaifina wannan zancen, shi masassaƙi ne tun yana yaro turmi da akushi da ƙota yake yi, yanzu ido yayi rauni amma hannu na nan, ga abin da yace in rubuta.

Yace a gaida Sani, yace yaro ka ɗauko aiki mai kyau kar ka bari a karya maka gwiwa. Shi bai taɓa yin ƙafar keke ba amma in abin da ake nema a cibiya shi ne icen da za'a huda ta ko'ina bai tsage ba, to ka nemi maɗaci ko ƙirya. Maɗaci zarensa a murɗe yake, duk wanda ya taɓa faskara shi ya san gatari ma wahala yake sha. Ƙirya kuma ita ce ta turmi, shekara da shekaru taɓarya na dukanta, gara bata cinta, sai dai tana cin bakin kayan aiki, ka shirya wasa cizal ɗinka akai-akai. Na sanduna yace marke ko bagaruwa, marke shi ake wa ƙotar fartanya da gatari don yana shan duka bai karye ba, amma a cire ɓawon da farin bayan nan don ƙwaro na shiga ta nan, jan cikin ake so. Yace kar ka kuskura kasa farin katakon kasuwa na silin ko na kwalin gado.

Akan bushewa kuma yace ba lallai ka jira shekaru ba in ka san inda zaka nema. Tsohon turmin da gindinsa ke da kauri, ko kututturen da ya daɗe a yashe a inuwa a gidan masassaƙa, ko ginshiƙin tsohon ɗaki da aka rushe, waɗannan sun gama bushewa sun gama motsi, duk tsagewar da zasu yi sun yi. In kuma sabon sara ne, a huda shi ta tsakiya tun yana ɗanye don ya bushe ta ciki da waje tare, a shafe baki biyun da kashin shanu ko tsohon fenti, a ajiye a ɗaki ba a rana ba, rana ce ke fasa ice. Yadda zaka gane ya bushe, ka ƙwanƙwasa da bayan gizago, ɗanye ƙararsa dum-dum take a dushe, busasshe kuwa ƙwal take fita. Yace kuma sandunan ka fere su da gizago ka bi zaren icen, kar ka bari injin ya zaɓar maka hanya.

Yace in kana so ka kawo tsohuwar cibiyar ya shafa da hannu zai gaya maka wane irin ice ne ya fi kusa da ita.

Sani_Kafinta

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. A gaida Baba da kyau, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, insha Allah zan zo da cibiyar da kaina. Malam Usman na faɗa wa mai keken yadda kace, na gaya masa ba aikin wata ɗaya bane, ya yarda zamu sa masa wili na wucin gadi ya yi bikinsa, na katakon kuma ayi su a tsanake.

Na kwance ɗayar ƙafar yau, sanda 14 ce gutsure 7 kamar yadda Malam ya faɗa, a cikin cibiyar akwai wani bututun ƙarfe da aka cusa aka daddanne da 'yan turaku. Amma na lura da wani abu, da na kwantar da ita a ƙasa sandunan ba a miƙe suke ba, duk sun ɗan karkata gefe ɗaya, cibiyar ta shige ciki baki ya fito waje. Tsufa ne ya lanƙwasa ta in gyara a sabuwar, ko haka ake yi?

Malam_Fizis

A'a kar ka gyara, haka ake yinta, da gangan ne. Ƙafar keken doki kamar faifai take, tana da ɗan zurfi, zurfin yana kallon waje. Dalili kuwa doki in yana tafiya jikin keken yana rangaji hagu da dama, duk rangaji ɗaya nauyi yana dukan cibiya daga ciki zuwa waje. In ƙafar a shimfiɗe take wannan dukan zai turo cibiyar ya ɓalle sanduna, amma in tana da zurfin nan duk turowar da akai sai sandunan su ƙara tokare baki, bakin kuma zobe ya riƙe shi ba inda zashi. Shi yasa in ka duba hannun aksul ɗin zakaga ya ɗan sunkuya ƙasa, don sandar da take ƙasa a kowane lokaci ta tsaya a tsaye cak ƙarƙashin kaya.

To kafin ka ƙarasa wargaza ta, ka ɗora miƙaƙƙen katako ya ratsa baki zuwa baki ka auna nisan da ke tsakaninsa da fuskar cibiya ka rubuta, ka duba na ɗayar ma ka gwada. Karkatar daga ramukan cibiya take farawa, ba a tsaye ake huda su ba, don haka ka yi ɗan ma'auni na katako ka ɗaure a gaban cibiyar, duk sandar da ka buga ka gwada bakinta dashi su fito daidai da juna. Ka tuna zoben in ya tsuke zai ƙara mata zurfi kaɗan, sai ka rage tun a farko. Ka buga ɗaya ka tsallake ɗaya sannan ka dawo ka cike, kuma gutsattsarin baki duka tare ake shigar dasu kaɗan-kaɗan ana zagayawa, in ka gama buga ɗaya har ƙarshe na kusa dashi bazai shiga ba.

Bututun ƙarfen nan ka adana shi, shi ne yake juyawa akan aksul, a ƙarshe ake mayar dashi bayan an sa zobe, kana juya ƙafar kana buga turakun nan gefe-gefe har ta daina layi. Sa zoben kuma ku bari sai Maris ko farkon Afrilu lokacin da hunturu ya gama tsotse ruwan icen, don abin da ya kama a lokacin in damina tazo kumbura zai yi ya ƙara matsewa. In kun sa da damina kuwa rani na zuwa zata saki, kuma jiƙa ta da ruwa da wasu ke yi na kwana biyu ne, ƙarshenta ruɓar da mahaɗar yake yi.

Ɗan_Maƙera

Haka ne Malam. Sani ka turo min faɗin zoben da kaurinsa ta inbox in duba ko tsohon zai gyaru, kuma ka duba ko cikinsa kwari ne irin wanda ake cusa wa roba, don in irin wannan ne to sawarsa daban ce da ta falle kuma sai mun nemo robar tun yanzu. Ranar da zaku sa ka sanar dani da wuri, zan shigo Zariya da awartakai na da yaro ɗaya, kai dai ka tanadi faskare da ruwa.